Kadangaren Yaya Khiem

Ruwa ya tafi da Yaya Khiem a wata na goma, ranar da dutsen bayan ƙauyenmu ya zaftaro ya toshe rafi, rafin kuma ya fasa ta cikin gidaje. Ni ina birnin Hue a lokacin, a shagon ɗinkina, ruwa har gwiwa. Sai bayan kwana shida hanya ta buɗe, na hau babur na haura gida. An tono mutum huɗu daga cikin laka. Shi ba a same shi ba.

Gidan na nan tsaye, amma laka ta zana layi a bango daidai ƙirjina. Na tarar Gwaggo Lua, ƙanwar mahaifinmu, ta riga ta wanke teburin magabata, ta jingina hoton Yaya kusa da na iyayenmu, turaren tsinke na ci a gabansa.

"Kin iso, 'yar birni?" ta ce, ba ta ko juyo ba. "Shiga ki gaishe da yayanki. Kwana arba'in da tara za ki yi kina ajiye masa shinkafa, safe da yamma, tunda bai ajiye mata ba, bai ajiye ɗa ba. Abin da ya ajiye yana bayan gida. Je ki gani, Tinh, gadonki ne."

A bayan gida, cikin wani tsohon akwatin gilashi da aka taɓa kiwon kifi a ciki, na ga Dattijo.

Kadangaren ruwa ne, namiji, tsawonsa daga baki zuwa ƙarshen wutsiya ya kai hannuna da ɗoriya. Shekara ashirin Yaya da abokinsa Duong suka yi suna kamo irinsa a rafi suna kai wa masu gidajen abinci a bakin babbar hanya, har sai da rafin ya zama fayau. Wannan shi ne na ƙarshe da tarkon Yaya ya kama, ƙafarsa ta baya a karye. Bai kai shi ko'ina ba. Ya yi masa ɗori, ya gina masa keji na gora da ragar waya, da ɗan kududdufi a ciki, ya sa masa suna Dattijo, daga nan kuma ya ajiye farauta. Duk zuwan da zan yi sabuwar shekara sai in tarar da shi a kafaɗar Yaya, kore shar kamar shinkafa sabuwar tsiro, ƙayoyin wuyansa a tsaye, yana kallon mutane ɗai-ɗai kamar shi ke da gidan.

Wanda na gani ran nan ba kore ba ne. Ya koma launin laka. Yana ta dukan gilashi da baki, ya ja da baya, ya sake dukawa. Leɓensa ya saluɓe, jini ya bushe a kai.

"Duong ne ya gan shi a kan bishiyar lemo, kwana biyu bayan ruwa," in ji Gwaggo daga bayana. "Da buhu ya kamo shi. Ni dai in kin bi tawa, ki sa shi a tukunya da citta. Ko ki kai shi rafi ki huta. Kullum buf, buf, buf, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa."

Ni ban taɓa son kadangaru ba. Amma ba zan iya sakinsa da wannan ciwon ba, tukunya kuwa ko a baki ban iya maimaitawa ba. Washegari na ce bari in wanke masa bakin. Na ɗaga murfin, na zura hannu ta sama kamar mai ɗaukar kaza. Ya zabura. Na cafko wutsiya. Ya zabga mini ita a kumatu, ya karce ni a wuyan hannu, ya faɗa cikin kwanon ruwansa ya lafe. Na duba hannuna, sai ga ƙarshen wutsiyar, tsawon yatsa, yana motsi shi kaɗai.

Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba tun zuwana.

"Ba a zuwa masa ta sama, ƙanwata."

Duong ne, tsaye a wajen shinge, malafa a hannu. Tun muna yara shi da Yaya ba sa rabuwa, gidanmu kamar gidansu ne, amma ran nan bai tsallako ba.

"Shaho ne ke zuwa ta sama," ya ce. "Ko inuwar hannunki ya ji a ƙoƙon kansa, ya ɗauka mutuwa ce. Kuma ba a riƙe wutsiya. Sannan bai san gilashi ba, gani yake hanya ce a buɗe. Ki rufe gefen da ganyen ayaba kafin ya ƙarasa bakin nan."

"To shigo mana ka nuna mini, Yaya Duong."

"A'a. Daga nan ma ya isa."

Yana rufe baki Dattijo ya fito daga ruwan ya shiga dukan gilashin da ƙarfin da ban taɓa gani ba. Duong ya mayar da malafarsa ya tafi da sauri.

Shi ya sake gina kejin, amma a wajen shinge ya sassaƙa gorar, ya riƙa miƙo mini ɗaya-ɗaya ina ɗaurewa. Hannuwansa duka biyu a naɗe suke da tsumma. Na tambaye shi, ya ce wajen tono ne. Daga can wajen yake koya mini abin da ya gani a wurin Yaya. Kada in kalle shi ido cikin ido. In zauna kusa da kejin, in ba shi gefe, in yi harkar gabana. Na kwaso kayan maƙwabta da ruwa ya yayyaga na riƙa ɗinki a wurin da hannu, daga hantsi har rana ta karkata. Kwana takwas bai ci komai a gabana ba. A na tara ya karɓi gyare daga bakin tsinken cin abinci, ya gudu da shi bayan ganye. Bayan mako guda ya ɗauki tana daga tafin hannuna. Harshensa ya taɓa ni, na daure ban janye ba.

"Dubi 'yar birni," in ji Gwaggo, ta leƙo ta taga. "Maza uku kika kora, kin zo kina zawarcin kadangare."

"Shi aƙalla ba ya shan giya, Gwaggo."

"Ki ba shi lokaci."

Koren jikinsa ya fara dawowa daga wuya. Leɓen ya kame. Na koyi zura hannu a hankali ta ƙasa, ta gefen ƙirjinsa, in tsaya cak har ya ɗora ƙafar gaba da kansa, sannan in tallabe na bayan da ɗayan hannun, don in dai ƙafa ɗaya na lilo a iska hankalinsa ba ya kwanciya. Bayan ɗan lokaci kaɗan sai in mayar da shi kan reshensa, in je in wanke hannu da sabulu. In na sa tsohuwar rigar aikin Yaya, wadda na tsinto a maƙale a rufi, ya fi saurin hawowa.

Abin da ya hana ni sakewa kuwa da yamma yake faruwa.

Wajen ƙarfe huɗu nake zuba shinkafa a ƙaramin kwano, in ɗora kifi, in ajiye gaban hoton, in kunna turare. Daga inda teburin yake ana hango kejin ta ƙofar baya. Ina ajiye kwanon sai Dattijo ya bar duk abin da yake yi, ya haura reshe mafi tsawo, wanda ke daidai kafaɗar namiji a tsaye. Ya fuskanci ƙofar kejin. Ya gyaɗa kai sau uku. Sannan ya miƙa ƙafar gaba ya ɗora ta a kan iska, ya riƙe ta a haka, kamar yana jiran a matso.

Na ce wa kaina dabba ce da sabo. A wannan lokacin Yaya ke dawowa daga gona. Amma a rana ta ashirin da shida ina tsugune a cikin kejin ina wanke kududdufin, na ji an yi ƙwas-ƙwas da harshe sau biyu a bayana. Haka Yaya ke kiransa. Na juya. Yamma ce da sauran rana, kaji na tono, babu kowa. Sai dai dokin ƙofar kejin a jiƙe yake, alhali kwana huɗu ba a yi ruwa ba, kuma warin lakar rafi ya cika wurin, irin ta can ƙasa, mai sanyi.

Na fita da gudu na faɗa wa Gwaggo. Ta zo ta duba dokin ƙofar. Sai ta ɗaga murya.

"Khiem! In kai ne, ka riƙa goge ƙafa. Da ranka ma haka ka ishe mu da laka."

Ta koma ciki. Da na bi ta na tarar ta zauna a bakin gado, ta cusa bakin zanenta a baki don kada in ji.

Daga ranar na daina juyawa in na ji kiran. Ban san ko jarumta ce ko tsoro ba. Nakan ce, "Ya ci gyare biyar yau, Yaya," in ci gaba da abin da nake yi. Gwaggo ta ce wanda ruwa ya ci ba a binne shi ba, sanyi yake ji, shi ya sa yake zagayowa inda ya saba. Ta ƙara bargo a kan gadonsa.

A rana ta arba'in da ɗaya Duong ya tsallako shinge a karon farko. Ya zo da gangamau dakakke don sauran ciwon bakin. Dattijo na kan hannuna a tsakar gida, ƙafafunsa huɗu a tallabe. Na ɗauka zai zabura kamar kullum, har na shirya. Bai zabura ba. Ya ɗaga kai, ya kalli bayan kafaɗar Duong, wurin da babu komai sai shinge da sararin sama, ya gyaɗa kai sau uku.

Duong bai waiwaya ba. Na ga wuyansa ya ƙage. Ƙullin gangamau ya faɗi, shi ma ya bi shi ƙasa a kan gwiwoyinsa.

"Yana bayana ko?"

"Wa?"

"Kin sani." Ya fara warware tsumman hannunsa. "Ba tono ba ne, ƙanwata. Igiya ce."

Tafukan biyu an ɗebe musu fata a layi ɗaya, tun daga gindin yatsu. Ya faɗa mini, kansa a ƙasa. Sun riga sun tsira, suna kan tudu da sauran mutane, sai Yaya ya tuna ƙofar kejin a sakale take. Duong ya ce masa kadangaren ruwa ne, ai ya fi su iya iyo. Yaya ya ce ba a cikin keji ba. Ya ɗaura igiya a ƙugu, Duong ya zagaya da ɗayan bakin a jikin bishiya ya riƙe. Yaya ya isa, ya buɗe kejin, ya juyo har ya ci rabin hanya. Sai ruwa na biyu ya sauko da gungumen itatuwa. Igiyar ta ja Duong har bakin gaɓa, ƙafarsa ɗaya ta shiga ruwa.

"Ban ce ta tsinke ba," ya ce. "Ba ta tsinke ba. Ni na saki. Yana kallona na saki."

"Ka ce wa mutane ba ka gan shi ba."

"Na ce."

"Ka bar su suna tono a gindin dutse kwana goma, alhali ka san ƙasa ya yi!"

Muryata ta tashi, Dattijo ya datse farce a hannuna. Dole na yi shiru, na sassauta numfashi, saboda shi. Da ba ya hannuna ban san abin da zan yi wa Duong ba. Na kai shi keji na ajiye a kan reshe, na rufe, na dawo.

"Tashi," na ce. "Gobe za ka nuna mini wurin."

Da hantsi muka gangara, ni da shi da Gwaggo tana dogara sanda. Na sa rigar Yaya, Dattijo ya hau kafaɗata, wutsiyarsa mai guntun baki ta zagayo wuyana. Gwaggo ta ce hauka ne, zai gudu. Na ce in ya gudu gidansu ya koma. Duong ya nuna bishiyar, har yanzu da sawun igiya a ɓawonta, ya nuna inda ya ga kan Yaya na ƙarshe. Muka bi rafin. Ya canza hanya gaba ɗaya, inda muka yi wanka muna yara ya zama tudun tsakuwa.

A wata kwanar rafin, ƙarƙashin kurmin gora da ruwa ya kwantar, laka ta taru ta fi tsayin mutum, da zurfin ruwa a gindinta. Muna isa na ji Dattijo ya ƙanƙame ni, sai kuma kafaɗata ta yi sakayau. Ya faɗa ruwan, ko fantsama bai yi sosai ba.

Muka tsaya. Na san suna iya daɗewa a ƙasa, amma sani daban, tsayuwa a bakin ruwa kana jiran wani ya ɓullo daban. Duong ya juya baya, ya kasa kallo. Gwaggo ta kunna turare uku ta soka a laka. Sun ci fiye da rabi kafin ya ɓullo ta ɗaya gefen, ya haura tudun lakar, ya tsaya a wuri ɗaya ya fara gyaɗa kai.

"Ku kira maza," in ji Gwaggo a hankali.

Na ratsa ruwan har ƙugu, na tsuguna ƙasa da shi, na shimfiɗa hannu a kan lakar na jira. Ga rafi a gabansa, ga kurmi. Ya daɗe yana kallon ruwan. Sannan ya tako ya hau.

Kwana biyu maza goma sha ɗaya suka yi suna tono, Duong a gaba, hannuwansa na jini ya ƙi tsayawa. A rana ta biyu da azahar fatanya ta taɓa wani abu. Aka ajiye ƙarfe aka koma tono da yatsu. Na matsa kusa.

Ƙasusuwa ne, amma sun yi ja-ja-baƙi kamar tsohon itace, babu ɗigon nama, babu igiya. A gefensu akwai gorar ruwa ta ƙarfe duk ta lotsa, da guntun mataji, da takalmin da aka yanka daga tayar mota. Gwaggo ta karɓi gorar ta goge da bakin zane. An karce suna a jiki da tsinin wuƙa, da sunan wani gari na can arewa.

"Wannan ba namu ba ne," ta ce. "Na yaƙi ne. Ina budurwa sojojin arewa suke wucewa ta kan dutsen nan, yara-yara, kowa da irin wannan. Dutsen ne ya riƙe shi, ruwa ya sauko da shi."

Na zauna a kan lakar. Ban san wa zan yi wa fushi ba. Mazan suka ƙara kwana uku suna tono a kewayen, ba su sami komai ba. A rana ta arba'in da tara muka binne akwati da kayan Yaya a ciki, kusa da iyayenmu. Ƙasusuwan baƙon kuwa hukuma ta aiko aka naɗe su da tuta aka tafi da su.

Ban koma Hue ba. Na sa aka kawo mini keken ɗinkina. Duong kan kawo gyare a gwangwani ya ajiye a bakin shinge, ina amsa gaisuwarsa, ba na ƙarawa. Kiran nan na yamma bai daina ba, ya dai ragu. Wani lokaci sai a yi mako ban ji ba.

A wata na huɗu, rani ya fara, wata mota ta tsaya a bakin hanya. Wata tsohuwa ta fito, ƙanƙanuwa, ta haura tamanin, 'yarta na riƙe da ita. Harshensu na arewa ne, sai na kasa kunne sosai nake ganewa. Sunanta Nhuan. Ta ce yayanta ne aka tono. Yana da shekara goma sha tara ya tafi, ita tana da sha huɗu. Kwana biyu suka yi a hanya don ta ga wurin.

Ƙafarta ba za ta iya gangaren ba. Kafin kowa ya yi magana Duong ya tsuguna a gabanta ya ba ta baya. Ya goya ta har kwanar, ya tsaya da ita cikin rana tana magana da lakar, ya goyo ta ya dawo. Da ya sauke ta a tsakar gidanmu na zuba shayi kofi huɗu, na dubi na huɗun, na miƙa masa.

"Wa ya gano shi?" tsohuwar ta tambaya. "Ina so in yi masa godiya."

"Ga shi can yana shan hantsi," in ji Gwaggo, ta nuna keji da haɓa. "Sai dai ba ya amsa gaisuwa, girman kai gare shi."

Tsohuwar ba ta yi dariya ba. Ta taka har gaban ragar, ta haɗa hannu biyu, ta sunkuya sau uku. Sannan ta shiga ɗaki ta kunna wa magabatanmu turare, ta tsaya a gaban hoton Yaya. 'Yarta ta riga ta ba ta labari a hanya.

"'Yata," ta ce da ni, "faɗa mini cikakken sunansa, da shekarar da aka haife shi."

Na faɗa. Ta maimaita, harshenta ya karkatar da shi. Na sake faɗa, ta sake gwadawa, har sau huɗu, sai da ya fita daidai yadda muke faɗa a nan.

"Yanzu nawa yana gida, ina da inda zan same shi in yi masa magana," ta ce. "Zan gaya masa ya nemo naki. Ya daɗe a ƙasar nan, ya fi ku sanin ta."

Direba ya danna ƙaho a bakin hanya. 'Yarta ta kama hannunta, suka fita a hankali, leɓen tsohuwar na motsi da sunan don kada ya kuɓuce mata kafin su isa.